Suna da Umurni a Bakin Ma'aikatan Jinya: Zance da Mai Doguwar Suma

Garin Wudil yana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, saboda haka asibitinsa ba ya rabuwa da waɗanda suka yi haɗarin mota. Wanda ya bugu a ka har ya yi doguwar suma akan wuce da shi Kano, zuwa ɗakin kulawa ta musamman irin na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A can ne ake jin wani irin zance da ya cancanci nazarin ɗalibin harshe, wato zance da wanda ba ya amsawa.

Wannan zance da farko ma'auni ne. A 1974 likitoci biyu, Teasdale da Jennett na Jami'ar Gilasgo, suka fito da hanyar auna zurfin suma, wadda yanzu makinta ke tashi daga 3 zuwa 15. Ana duba buɗe ido da magana da motsi. Shi ya sa nas takan riƙe gajerun jimlolin umurni: "Buɗe idonka." "Matse hannuna, ka saki."

To, amma da wane suna za ta kira shi? Nan al'ada ta shigo. Sunan yanka ne a kan kati, alhali kuwa mai yiwuwa ne tun yana goye ba a kiransa sai da Ɗanjuma ko Tanko. Ga kuma alkunya: uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, mace ba ta kama na mijinta, su ne kuwa masu zaman jinya. Gogaggiyar nas takan nemi laƙabin a bakin ƙane ko aboki. Haka nan Bafulatanin da ya kawo shanu kasuwar Wudil ta Juma'a, in aka umurce shi da harshen da bai ƙware a kai ba, ana iya rage masa makin da ya cancanta, kuma likita na dogara da makin wajen yanke shawara.

A 2006 Adrian Owen da abokan aikinsa a Kambirij suka umurci wata mata marar motsi ta raya a ranta tana wasan tanis, hoton ƙwaƙwalwarta ya nuna ta bi umurnin. Ba kowane sumamme ke ji ba, sai dai babu mai iya rarrabewa da ido. Don haka nas takan sanar kafin ta taɓa: "Sannu Baba, nas ce, za mu juya ka." Maganar ko zai tashi kuwa, akan ja dangi waje a yi ta.