Wayar Moton Keken Lantarki: Abin da Za a Yi da Wanda Ba Za a Yi Ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekuna da babura masu batir suka yawaita a titunanmu. Ɓarna mai yawa da ke samun su kuwa a wurin gyara take faruwa, a kan 'yar mahaɗar nan da ke tsakanin moton taya da kwanturola. Duk mai niyyar taɓa ta, ya kiyaye waɗannan.

Cire batir kafin komai. Kashe makulli bai wadatar ba. Zare batirin, sannan ka danna maɓallin kunnawa don ragowar wutar da kwanturola ta riƙe ta tsiyaye.

Kada ka finciki waya. Kama kan filogi da kan soket da yatsu, ka ja su a miƙe. Kada ka murɗa, kada ka sa filaya. Haƙoran ciki sirara ne ƙwarai, ɗaya ya lanƙwashe, keke ya tsaya.

Kada ka datse komai sai ka gwada. Keke yana fizga, ko yana gurnani ya ƙi tashi, ko allon keken mai moton kamfanin Bafang ya nuna lambar matsala 08, sai ka ga yaron shago ya ɗauko almakashi. Haba! Buɗe mahaɗar tukuna ka leƙa. Sau da yawa ba ta shiga har ƙarshe ba ne, ko ƙurar hunturu da ruwan damina sun sa haƙoran sun yi kore. Idan roba ta narke ko ta yi baƙi a gefen manyan haƙora uku, wannan kam ta mutu, a sauya ta.

San abin da ke cikinta. Mahaɗar da aka fi gani tana da haƙori 9. Uku masu kauri, rawaya da kore da shuɗi, su ke ɗaukar wutar da ke juya moto. Biyar sirara na sansa ne: ja mai volt 5, baƙi, sai wasu rawaya da kore da shuɗi da ke gaya wa kwanturola inda maganaɗisu yake. Ta tara, fara, yawanci ta gudu ce, a wasu motocin kuma ta zafi. Don gwada sansa, mayar da batir ka kunna keke, ka ɗora mita tsakanin baƙi da kowace cikin siraran rawaya da kore da shuɗi, ka juya tayar baya a hankali. Lafiyayyar sansa za ta riƙa hawa kusan 5 tana sauka sifili. Wadda ta kafe wuri ɗaya, ita ce mai ciwon, ko wayarta.

Kada ka amince da launi. Nan ne mutane suka fi yin asara. Shuɗin wannan kamfani ba lallai ya zama shuɗin wancan ba. Manyan wayoyi uku suna haɗuwa ta hanya 6, sirara ukun ma 6, jimla 36, kuma kaɗan daga ciki ne ke daidai. Haɗin kuskure yana iya juya taya, har mai gyara ya ce "ta yi," alhali moto yana shan wuta fiye da ƙima, yana zafi, kwanturola tana hanyar ƙonewa. Ɗauki hoton tsohon haɗin kafin ka kwance. Gwajin farko a yi shi taya a sama, a murɗa totur kaɗan kaɗan. Ka ji gurnani, saki nan take.

Tafi kasuwa da tsohuwar mahaɗar a hannunka. Kamfanonin Julet da Higo duk suna yin mai haƙori 9, amma kamanni ba ya nufin za su zauna da juna. Ƙirga haƙora, duba tsagin, duba namiji ce ko mace, duba kaurin wayar. Mahaɗar ƙaramin keke mai wat 250 ba za ta ɗauki wutar babur mai wat 1,000 ba, narkewa za ta yi. Kada mai shago ya ce maka "duk ɗaya ne."

Kada ka murɗe waya da waya ka naɗe da salatif. Zafin rana zai warware shi, manyan wayoyi su taɓa juna. A like da dalma, kowace waya da robarta mai tsukewa in ta ji zafi, kuma kada a jera ƙullin duka wuri ɗaya.

Wajen haɗa filogi da soket, daidaita kibiyar wannan da ta wancan, ka tura har bakin layin.

Ɗaure notin taya sosai, da washarsa mai harshe. Wayar moto ta cikin ramin shaf take fitowa. Noti ya saki, shaf ya juya, sai ya naɗe wayar ya tsinke ta daga tushe, kuma wannan gyaran sai an buɗe moto. Bakin tsagin shaf ya kalli ƙasa, wayar ta ɗan sauka kafin ta hau jikin keke, don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi ta ya shiga ciki. Masu wankin mota ma a gaya musu kada su fesa wa wurin ruwan inji.