Tsohuwar Kyanwa: Abin da Rama da Canjin Cin Abinci Ke Nunawa

Kyanwa dabba ce mai amfani a gida, domin ita ke tsare rumbu da ɗakin ajiya daga ɓarnar ɓera. Idan ta haura shekara 10 ana lissafa ta cikin tsofaffi. Sau da yawa idan irin wannan kyanwa ta soma ramewa, sai masu gida su ce ai tsufa ne. Wannan kuskure ne. Galibi wata cuta ce ke cin ta a ɓoye, kuma kyanwa ta iya ɓoye ciwo har sai ya yi nisa.

Yadda ake gane rama

Nauyin matsakaiciyar kyanwa kamar kilo 4 ne. Idan ta rasa giram 400, daidai yake da mutum mai kilo 60 ya rasa kilo 6. Gashi yakan rufe ramar, saboda haka a riƙa shafa bayanta. Idan ƙashin baya da haƙarƙari sun fito fiye da yadda aka saba ji, to akwai magana. Mai sikeli sai ya hau da ita a hannu, ya sāke hawa shi kaɗai, ya debe. A yi haka sau ɗaya a wata.

Kyanwar da ke ci da yawa amma tana ramewa

Abu biyu aka fi zargi. Na farko ciwon wata halitta ce ta wuya, watau wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo ga mutum. Idan ta yi aiki fiye da kima, jiki yakan ƙone abinci da sauri, kyanwa ta kāsa zama wuri ɗaya, zuciyarta ta riƙa bugawa da sauri. A shekarar 1979 likitocin dabbobi a Amurka suka fara bayyana wannan ciwo a jikin kyanwa, kuma yana da magani. Na biyu ciwon sukari ne, wanda ya fi kama mai ƙiba, musamman muzuru. Alamarsa yawan shan ruwa da yawan fitsari. Tsutsar ciki ma takan kawo irin wannan rama.

Kyanwar da ta rage ci

Ciwon ƙoda ya yawaita ga tsofaffin kyanwoyi. Mai shi takan sha ruwa da yawa, ta yi amai, ta ƙi abinci. Ba ya warkewa, amma idan an gano shi da wuri, abinci na musamman yakan ƙara mata kwana. Haka nan kuma ciwon haƙori da dasashi: sai a ga ta zo wurin abinci da marmari, ta ɗauka, ta yar, bakinta yana wari. Ciwon daji na hanji shi ma yakan kawo rama da amai ko gudawa.

Gargaɗi

1. Kyanwar da ta yi kwana 2 ba ta ci ba, a kai ta asibitin dabbobi nan da nan. Yunwa takan sa kitse ya taru a hantarta, musamman idan mai ƙiba ce, har ya kashe ta.

2. Kada a ba ta maganin mutane. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya halaka ta.

3. Idan halinta ya sauya farat ɗaya, tana dalalar da miyau, tana neman cizo, kada kowa ya taɓa ta, a kuma janye yara. Ciwon haukan kare yana kama kyanwa, yana kuma kashe mutum. Wanda ta ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Likitan dabbobi ne kaɗai zai iya bambanta waɗannan cututtuka, ta hanyar gwajin jini da fitsari. Abin da ake bukata ga mai gida shi ne ya lura da cinta, da shan ruwanta, da nauyinta, ya gaya wa likita ranar da ya fara ganin canji.