Gyaran Fadamar Da Ruwa Ya Kwanta A Cikinta

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in ɗan yi bayani a kan fadamun da ke wajenmu a Gurbin Bore ta ƙasar Zurmi, da ire-irensu na bakin gulbin Bunsuru da na Gagare har zuwa Shinkafi. Akwai wuraren da ruwa kan kwanta tun daga watan Agusta har bayan kaka, sai a bar su ga kwaɗi da sauro, alhali kuwa lakarsu ta fi ta jigawa ƙarfi nesa ba kusa ba. A 'yan shekarun nan da rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gonakin nesa, barin irin wannan ƙasa ta bakin gari hasara ce babba.

Me ya sa shuka ke mutuwa cikin ruwa? Malaminmu na aikin gona ya sa mun dasa tumatir a gwangwani biyu, ɗaya mai huda a gindi, ɗaya babu, muka riƙa ba su ruwa daidai wa daida. Ba a daɗe ba na marar huda ya yi rawaya ya langaɓe. Watau saiwa ma tana shan iska kamar mu, in ruwa ya cika ƙasa sai ta ruɓe.

To, ashe aikin farko shi ne a sama wa ruwa hanyar fita. Ranar da aka yi ruwa mai yawa a je a duba inda ya nufa, a kafa turaku. Daga nan sai a haƙa babbar magudana, a faro ta daga gangare a yi sama, domin ruwan ya riƙa wucewa ana cikin haƙa. Sa'an nan a jawo ƙanana su zuba cikinta. Ƙasar da aka fitar kuwa da ita za a tā da manyan kunyoyi, a cuɗa ta da takin dabbobi don lakar ta yi sako-sako. Alayyafo da kuɓewa su hau kunya da damina. In ƙasa ta tsane da rani sai a yanka fangali a dasa albasa da tattasai da tumatir.

Amma fa wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙar. Wanda ya kori ruwa daga gonarsa shi kaɗai, gonar maƙwabcinsa ya tura shi, sai rigima har gaban mai gari. Dole masu fadamar su yi gayya, su kuma yarda da ranar yashe magudanar kowace shekara. Ko a gonakin madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara, wadda aka gama a 1978 da kuɗi masu ɗimbin yawa, da magudanai suka cike da laka da ciyawa sai da ruwa ya kwanta a wasu filayen. Tamu ta shebur da galma ce, ta fi saurin toshewa, saboda haka a yashe ta tun watan Mayu kafin ruwan farko.