Zaɓen Rim Mai Ƙarko Domin Ƙafar Keke

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kekuna da yawa da aka jingine a zaure suka koma kan hanya. A ƙasar Sabon Birni da Isa keke abin neman abinci ne. Shi ke kai buhun gero kasuwa, shi ke ɗauko albasa daga fadama, shi ke kawo ruwa da itace. Ruwan jarka mai lita 25 nauyinsa kilo 25 ne. In ka ɗaura huɗu, kilo 100 ke nan, ban da kai mai tuƙi. Yawancin nauyin nan a ƙafar baya yake sauka, shi ya sa ita ke fara gajiya.

Rim shi ne kewayayyen ƙarfen da taya ke zama a kansa. Wayoyin sifok ne ke haɗa shi da hob, wato cibiyar ƙafar. Ba kowace karkata ke sa a canja shi ba. In ƙafa tana 'yar rawa, mai gyara zai ɗaure sifok ta miƙe. Amma in rim ya tsage, ko tsatsa ta huda shi, ko sifok ya fara ɓallo bakin raminsa, to, sai a bar wa yara su yi gare-gare da shi. Kada ka yi ta lallaɓawa. A wannan zamani ba wanda ke son magariba ta riske shi tsakanin Gatawa da Sabon Birni da keke a kafaɗa.

Kafin ka tafi kasuwa, durƙusa ka goge gefen tayarka da tsumma mai lema. Akwai lambobi a jikinta. A nan karatun da kake koyo zai tsare maka kuɗinka. A babban keken ɗaukar kaya, irin Raleigh na Ingila, ko Phoenix na ƙasar Sin, ko Hero na Indiya, za ka ga 28 x 1½. Kusa da ita sau da yawa akwai wata, kamar 40-635. Wannan ta biyun ita ce abin riƙewa. 40 kaurin tayar ne, 635 kuwa faɗin da'irar rim ne daga gefe zuwa gefe a ma'aunin milimita, daidai inda bakin taya ke zama.

Me ya sa ba za a dogara da ta farkon ba? Saboda tana da ruɗi. Kekunan gwanjo na Turai da ke shigowa ta Kwatano, wasunsu ma an rubuta musu 28, alhali rim ɗinsu 622 ne. Siririn keken tsere mai lanƙwasasshen kai, wanda ake rubuta wa 700C, shi ma 622 ne. Tsakanin 622 da 635 milimita 13 ne kacal, ido ba zai gane ba a rumfar mai kaya. Amma tayar wannan ba ta hawa rim ɗin wancan, ko da ƙarti uku suka taru a kanta. Haka abin yake a 26. Keken Japan mai kwando a gaba, mai 26 x 1⅜, rim ɗinsa 590 ne. Keke mai ƙatuwar taya da giya, wanda samari ke so, shi ma 26 ake ce masa, amma nasa 559 ne. Mai 27 kuma 630 ne. In lambar ta goge, ɗauki tsohon rim ka tafi da shi, a kara shi da sabon.

Daga nan sai ƙirga. Ɗora yatsa a ramin bawul, ka ƙirga ramukan sifok har ka zagayo. Yawancin kekunan yanzu 36 ne. Tsofaffin Raleigh da masu kama da su kan zo da 32 a gaba, 40 a baya. Dole adadin ramukan rim ya zo daidai da na hob ɗinka. Wasu masu gyara kan yi dabara su tsallake rami don su haɗa 36 da 40. Ƙafar za ta juya, amma ba za ta jure buhu ba.

Wani manomi ya kawo wa mai gyara sabon rim yana walƙiya. Mai gyara ya juya shi, ya dubi keken, ya ce, "Baba, wannan ba naka ba ne."

"Yaro, ai lambar ɗaya ce, ɗana ya karanta mini."

"Gaskiya ne, Baba, girman ya yi. Birkin ne bai yi ba. Naka na sandar ƙarfe ne."

Mai gyara ya yi gaskiya. Birkin sandar ƙarfe jawo robobinsa yake yi sama, su danne cikin rim ta wajen da sifok suke. Don haka rim ɗinsa yana da tudu a tsakiya da kafaɗa biyu shimfiɗaɗɗu, gefensa kuwa a dunƙule yake. Birkin waya shi kuma matse rim yake yi ta gefe da gefe, sai mai miƙaƙƙen gefe. In aka musanya su, za ka matsa birki keke ya ci gaba da tafiyarsa.

Saura tambayar da kowa ke fara yi: ƙarfe ko alminiyam? Gane su ba wuya. Maganaɗisun tsohuwar lasifikar rediyo yana kama ƙarfe, ba ya kama alminiyam. Rim ɗin ƙarfe yana da nauyi, yana tsatsa in damina ta daɗe a kansa, amma in ya lotsa ana iya buga shi ya dawo. Babban aibinsa yana bayyana in ya jiƙe. Wanda ya ratsa ruwa a mashigin gulbin Bunsuru ya matsa birki ya san yadda roba ke sulɓi a kan ƙarfe mai sheƙi. Alminiyam ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, birki na kama shi ko da lema. Sai dai ba ya son guduma, in aka matsa masa tsagewa yake yi. Yashi kuma yana cin gefensa duk lokacin da aka matsa birki, ga shi ƙasarmu ba a rasa yashi.

Alminiyam ma iri biyu ne. Leƙa ta ramin bawul. In ka ga bango ɗaya, mai falle ɗaya ne, shi ne mai araha. In ka ga bango biyu da fili a tsakaninsu, mai ruɓi biyu ne, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. In kuma kowane ramin sifok yana da ɗan zoben ƙarfe a bakinsa, ya ƙara kyau, don zoben na hana ramin tsagewa. A ganina, mai birkin sanda da ke ɗaukar kaya ya nemi ƙarfe mai kauri. Mai birkin waya, ko malamin makaranta ne da ke bin kwalta daga Isa zuwa Shinkafi, ya daure ya sayi alminiyam mai ruɓi biyu. Kuɗin ya fi yawa, amma sau ɗaya zai biya. Siririn rim na keken tsere kuwa, kada a ɗora masa ƙatuwar taya ko buhu, ba don haka aka yi shi ba.

Walƙiya ba ta nuna ƙarko. Ga rim a hannunka, kwantar da shi a kan shimfiɗaɗɗen daɓen siminti. Ya kamata ya taɓa ƙasa ta ko'ina. In ka danna gefe ɗaya ɗayan ya ɗaga, a karkace yake tun daga kanti, mayar da shi. Nemi mahaɗinsa, yawanci yana daura da ramin bawul ta ɗaya ɓangaren. Shafa wurin da yatsa. Bai kamata ka ji tudu ko kaifi ba. Ɗauki biyu ka auna a hannu: a cikin na ƙarfe masu girma ɗaya, wanda ya fi sakayau shi ya fi siranta. In na gwanjo ne, ɗora bakin rula a gefen da birki ke kamawa. Ka ga haske na wucewa ta tsakiya? Gefen ya zaizaye, wata rana iskar taya za ta fasa shi. Dubi bakin kowane rami kuma, ko akwai siririyar tsaga.

Rim mai kyau a hannun mai gyara mai gaggawa asara ce. Ɗaurin sifok ne ke riƙe ƙafar. In ka samu hali, sayi sababbin sifok masu kauri tare da rim, don tsofaffin sun gaji, kuma tsawonsu ba lalle ya dace da sabon ba. In an gama ɗauri, kaɗa su ɗaya bayan ɗaya kamar tsirkiyar gurmi. Na gefe ɗaya su yi amo kusan iri ɗaya. Wanda ya yi shiru sako-sako ne. Ka tabbata an shimfiɗa ƙyalle ko robar da ke rufe kawunan sifok kafin a sa tiyub, in ba haka ba faci ba zai ƙare ba. Bayan mako ɗaya ko biyu ana hawa, koma a ƙara ɗaurewa, domin sabon ɗauri yakan saki.

Taya maras isasshiyar iska ita ke sa rim ya daki dutse ya lotsa, don haka a riƙa latsa ta da babban yatsa kafin a ɗora kaya. Robar birki kuma a riƙa cire mata yashi da tsakuwa, a canja ta kafin ƙarfenta ya fito.

Aikin gida: rubuta a littafinka lambar da ke jikin tayar kekenka ko ta maƙwabcinka, da adadin ramukan ƙafar gaba da ta baya, da irin birkinsa. Ka zo da shi aji mu karanta tare.