Kamfanin inshora ya ce ni na cinna wutar

Wasiƙar da ta cinye rabin shirin amsa tambayoyin shari'a na ranar ta fito ne daga wani mai sayar da atamfa a Kano. Gobara ta lashe shagonsa, kamfanin inshora ya ƙi biyan diyya, shi kuma ya maka kamfanin a kotu. Sai ga lauyan kamfanin da martani: wai mai shagon da kansa ya cinna wutar don ya kwashi kuɗi. Tun ranar, in ji mai wasiƙar, bacci ya ƙaurace masa. Shin ɗaure shi za a yi?

"Alhaji, kwantar da hankalinka," in ji mai gabatar da shirin. Ya ce alƙalin da ke sauraron ƙarar neman haƙƙi ba ya tura mutum gidan yari kan irin wannan zargi. Abin da ke gabansa shi ne a biya ko kada a biya.

Daga nan ya shiga doka, inda ya fi jin daɗin magana. A ƙarar neman haƙƙi, sashe na 134 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce wanda hujjarsa ta rinjaya shi ke da gaskiya. Amma da zarar wani ɓangare ya jefi ɗaya da aikata laifi, kamar zamba ko cinna wuta, sashe na 135 ya ɗaga ma'aunin: sai an tabbatar da laifin ba tare da sauran kokwanto mai ma'ana ba, tamkar a shari'ar laifi, kuma nauyin yana wuyan mai zargi. Zato ba ya wadatarwa. Dole kamfanin ya fayyace yaushe, ta yaya, da wace hujja. A Ingila ma, inda muka gaji tsarin, ba a tsaurara haka ba, domin can rinjayen hujja ya isa.

Sai dai bai bar Alhajin da zaƙi zalla ba. Cinna wuta laifi ne na gaske, 'yan sanda na iya bincikensa daban, ko da yake dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai. Ya kuma ja kunnensa: ƙara ko bandir goma a lissafin kayan da suka ƙone na iya rusa da'awar baki ɗaya.

"Ka tattara rasitai, da littafin ciniki, da rahoton 'yan kwana-kwana, ka miƙa wa lauyanka," ya ce, yana buɗe wasiƙa ta gaba, wadda ta zo daga Funtuwa.