BABI NA SHIDA: SHAYARWA DA ALAMOMIN ƘOSHIN JARIRI A AL'ADAR BAHAUSHE

6.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan haihuwa da zanen suna. A wannan babi kuwa za a dubi shayarwa, tare da ƙoƙarin amsa tambayar da ke hana maijego barci, wato ta yaya uwa za ta gane nononta yana isar jaririnta? An ɗauki Rigasa ta ƙaramar hukumar Igabi a jihar Kaduna a matsayin misali, kasancewarta matattarar Hausawa daga ƙasashen Zazzau da Katsina da Kano da sauransu. A irin wannan unguwa, kakar da ta zo wankan jego daga ƙauye da ma'aikaciyar asibitin da ake zuwa awo duk suna ba maijego ɗaya shawara, kuma sau da yawa shawarwarin nasu kan saɓa wa juna.

6.1 Kalmomin Shayarwa

Kalmar shayarwa ta samo asali daga aikatau sha. Idan aka ce shayar, ana nufin a sa wani ya sha, kamar yadda ci ke ba da ciyar. Irin waɗannan aikatau suna rukuni na biyar a rabon da Parsons ya yi wa aikatan Hausa a 1960. Ita kuwa kalmar nono tana ɗauke da ma'ana uku: gaɓar jikin mace, da ruwan da ke fitowa daga gare ta, da kuma nonon shanu da ake dama fura da shi. Sauran kalmomin da ya kamata ɗalibi ya kiyaye su ne:

(a) Dakashi: nonon farko mai kauri da launin rawaya.
(b) Jego: kwanakin da ke biyo bayan haihuwa, galibi arba'in.
(c) Yaye: cire yaro daga nono.
(d) Rurrutsa ko gwanne: samun ciki kafin a yaye na goye.

Matsayin nono a tunanin Bahaushe ya wuce na abinci. Idan hali ya kama mutum akan ce a nono ya tsotsa, kuma babu kalamin da ɗa ke tsoro kamar uwa ta ce ba ta yafe nononta ba. A shari'ar Musulunci ma shan nono yana haramta aure, sannan aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu ga wanda ke son cika shayarwa.

6.2 Shayarwa a Gargajiyance

A da, Bahaushe yana ɗaukar dakashi a matsayin gurɓataccen nono. Don haka akan tatse shi a zubar, a riƙa ba jariri ruwan ɗumi ko nonon akuya ko rubutu har kwana uku. A wasu wurare akan gwada nonon mai haihuwar fari ta hanyar tatsa shi a jefa tururuwa a ciki. Idan ta kasa fita, sai a ce nonon ba shi da kyau, a nemi magani. Haka nan kunyar ɗan fari takan hana yarinya ba jaririnta nono a gaban surukai sai ya gaji da kuka.

Domin nono ya kawo, akan ba maijego kunun kanwa da farfesun ƙauri da tuwo mai ɗumi, tare da wankan ruwan zafi safe da yamma. Hutu da kulawar da maijego ke samu a wannan lokaci abin yabo ne ƙwarai. Sai dai binciken da likitoci Davidson da Parry suka yi a Zariya, wanda aka buga a 1978, ya danganta yawan shan kanwa da kwanciya a kan gadon wuta da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

6.3 Abin da Ilimin Likitanci ya Tabbatar

Dakashi shi ne rigakafin farko na jariri, domin yana ɗauke da sinadaran da ke kare shi daga cututtuka, kuma yana taimaka masa wajen fitar da baƙin kashin farko. Ƙarancinsa ba aibi ba ne, saboda a ranar farko cikin jariri ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin ƙaramin cokali ɗaya a kowane sha. Nono sosai yakan kawo a rana ta uku zuwa ta huɗu, kuma yawan tsotso shi ke ƙara shi.

Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawarar a ba jariri nonon uwa zalla na wata shida, bayan an sa shi a nono cikin sa'ar farko da haihuwa, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara biyu ko fiye. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa ya nuna jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida da ke shan nono zalla sun kai kashi 17 cikin ɗari a 2013, da kashi 29 a 2018. A 2019 gwamnatin jihar Kaduna ta amince da hutun haihuwa na wata shida ga ma'aikatanta mata.

Inda aka fi samun gardama shi ne batun ruwa. A zafin Maris da Afrilu, kaka takan ce, "'Yar nan, ba yaron nan ruwa, alhaki ne." Maijego kuwa ta ce, "Inna, a asibiti an hana." Gaskiyar magana, kusan kashi 88 cikin ɗari na nono ruwa ne. A Rigasa, inda gidaje da yawa suka dogara ga rijiya da 'yan garuwa, kurɓi ɗaya na iya jawo gudawa. Bugu da ƙari, ruwa yana cika cikin jariri ya rage tsotso, nonon uwa ya ragu, daga nan sai a koma ga madarar gwangwani da bulumboti. Zuma ma ba a ba yaron da bai cika shekara ba.

6.4 Alamomin Ƙoshin Jariri

Tun da nono ba shi da ma'auni kamar kwano, ana gane isarsa ne daga jikin jariri:

1. Yawan sha: sau 8 zuwa 12 a yini da kwana.
2. Kamun nono: bakinsa a buɗe sosai, haɓarsa na taɓa nono, ana jin haɗiyarsa, uwa kuma ba ta jin zafi.
3. Fitsari: daga rana ta biyar ya jiƙa ƙunzugu aƙalla sau 6 a yini da kwana, fitsarin kuma ba mai duhu ba.
4. Kashi: ya sauya daga baƙi zuwa kore, ya koma rawaya mai laushi wajen rana ta biyar.
5. Natsuwa: ya saki nono da kansa, jikinsa ya saki.
6. Nauyi: yakan ragu kaɗan a kwanakin farko, amma ya dawo nauyin haihuwa cikin mako biyu. Wannan ce alama mafi ƙarfi, shi ya sa ba a wasa da sikeli da katin awo.

Kuka kaɗai ba hujjar yunwa ba ne, haka ma ƙanƙantar nono ko laushinsa bayan wasu makonni. Amma idan jariri ya ƙi kama nono, ko barci ya yi masa nauyi har ba ya tashi sha, ko maɗigarsa ta faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko idanunsa suka yi shawara, to a garzaya da shi asibiti ba tare da jiran ranar suna ba.

6.5 Naɗewa

An ga cewa al'ada ta tanadar wa maijego hutu da abinci da mataimaka, kuma ta girmama nonon uwa. Abin da ke buƙatar gyara shi ne zubar da dakashi, da ɗura wa jariri ruwa, da yawan kanwa. Ɗalibin da zai zama malami gobe yana da hakkin isar da wannan ilimi da Hausar da kaka za ta saurara, cikin ladabi, domin a mafi yawan gidaje maganarta ce ake bi.

6.6 Auna Fahimta

1. Bayyana ma'anoni uku na kalmar nono, tare da misalai cikin jimla.
2. Kawo aikatau biyar da aka gina kamar shayar.
3. Mene ne dakashi? Kwatanta matsayinsa a gargajiya da a likitanci.
4. Lissafa alamomi biyar na ƙoshin jariri.
5. Tattauna da wata ungozoma a unguwarku, ka rubuta shafi biyu a kan abin da ake fara ba jariri da dalilinsa.