Kwana Biyu a Gona: Shawarwari Ga Mai Kai Iyali Ƙauye Ƙarshen Mako

Duk wanda ya shekara yana shaƙar hayaƙin A Daidaita Sahu, yana kwana da ƙarar janaretan maƙwabci, in aka ce masa kwana biyu a gona ransa kan biya. Turawa sun mayar da abin sana'a. A Italiya tun 1985 aka yi dokar da ta ba manomi damar saukar baƙi a gidan gonarsa, su ci su kwana su biya, da sharaɗin noma ya ci gaba da zama babbar sana'ar gidan. A Faransa ƙungiyar masu ba da hayar gidajen karkara, Gîtes de France, ta kafu tun 1955. Can komai da farashinsa a rubuce: gado kaza, kalaci kaza. Mu kuwa galibi gidan Kawu ne masauki, ko na wani aboki mai lambu a bakin fadama, kuma ranar tafiya ba mai miƙo maka takardar kuɗi. Kuɗin yana nan, wani ne dai yake biya, kara ce ta hana shi faɗa.

1. A zaɓi lokaci, don ba kowane wata ne na baƙunci ba. Farkon damina manomi ba shi da lokacin kansa, balle naka: shuka, noman fari, maimai, tun asuba ya fita. Watan Agusta kuwa marka ce, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, baƙo a lokacin nauyi ne komai sonsa da ake yi. Ni da za a bi tawa, kaka za a je. Daga Satumba gero ya nuna, yara su ci tumu gasasshe da ɗanyar gyaɗa dafaffiya. Nuwamba zuwa Disamba ana yankan dawa, ana ɗaure dammuna, ana sussuka da shiƙa, gari ya cika da hayaniya, kowa fuskarsa a sake. Mai son ganin kore da rani ya nufi wuraren noman ban ruwa. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, inda tsakanin Janairu da Maris za ka ga tumatir da albasa da alkama iyakar ganinka.

2. A sanar, a faɗi adadin masu zuwa. Wannan na koye shi ne ta hanyar da ba ta da daɗi. Wata shekara na kwashi iyali da 'ya'yan ƙanwata, mu tara, muka dira gidan Kawu ranar Juma'a bayan la'asar, wai za mu ba shi mamaki. Ya taso da murna, ya shimfiɗa tabarma, ya shiga cikin gida ya fito. Kafin magariba mun ji kukan zabi a bayan danga. Na ce, "Kawu, don Allah kada a wahalar da su Inna, mun ci abinci a hanya." Ya ce, "Kai ɗan nan, gidanku ne fa. Zauna." Muka ci tuwon dawa da miyar kuka da naman zabi, muna santi. Washegari ne autansa, yaro ɗan shekara bakwai, ya ce wa ɗana ina jinsu, "Ai zabin da za a kai kasuwa a cika kuɗin taki ne aka yanka muku." Tuwon ranar bai wuce mini ba. Tun daga nan ina bugo waya mako guda kafin tafiya, in faɗi mu nawa ne, manya da yara, in kuma roƙi alfarma kada a yanka komai, da namanmu za mu zo.

3. A tambayi hanya a ranar tafiya, ba a makon jiya ba. Ba wanda bai san halin rashin tsaro da wasu yankunan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja suke ciki ba. Akwai ƙauyukan da mazaunansu ma ba sa iya zuwa gonakinsu na nesa, to ba wurin kai yara shan iska ba ne, ko da can aka binne cibiyarka. Mai masaukinka zai iya jin nauyin ce maka kada ka zo, saboda haka ka haɗa da direbobin tashar da ke bin hanyar kullum, su ba su da wannan kunyar. A tashi da wuri, a isa da rana tsaka. Kada a shelanta tafiyar a Facebook kafin a dawo. In an sauka, mai gida ya raka ka ka gaida mai unguwa ko dagaci, a san da zuwanka.

Sai kuma mota. Hanyar burji da ta yi kyau a Fabrairu, a Agusta kogi ce. A duba safaya da jak, a cika tanki a babban gari na ƙarshe, a riƙe tsabar kuɗi, domin mai POS ɗin ƙauye da sabis ɗinsa sai an dace.

4. Cefane daban, tsaraba daban. Mutane da yawa kan haɗa su, su kawo burodi da lemon kwalba su ce sun yi tsaraba, sa'an nan su kwana biyu suna cin hatsin gidan. Cefane shi ne abin da ku za ku ci: shinkafa, man girki, kayan miya, nama, sukari, ganyen shayi, a lissafa har da mutanen gidan, don ba za a dafa muku shinkafa yaran gida suna kallo ba. Tsaraba kuwa abin da zai rage bayan kun tafi ne: sabulu, omo, gishiri, magi, man shafawa, goro ga tsofaffi, turmin atamfa in da hali. Fitila mai cajin rana ta fi kwalin biskit daraja nesa ba kusa ba. Uwargida ta miƙa kayan ga uwargidan can a cikin ɗaki, ba a tsakar gida gaban kishiyoyi da maƙwabta ba. Ita ta san yadda za ta raba.

5. Gona wurin aiki ce, a gaya wa yara tun a mota. Yaron birni in ya ga fili sai gudu. Bai san ana bin kwarin kunya ba, bai san wannan yaɗon da ke kwance ƙarƙashin dawa wake ne ba, ciyawa yake gani. Na taɓa tsayawa ina kallon Kawu yana bin sawun yaranmu, yana ɗaga yaɗon waken da suka tattake ɗaya bayan ɗaya, yana mayar da ƙasa gindin da aka ture da ƙafarsa, bai ce uffan ba. Gara da ya yi faɗa.

Maganin abin shi ne a ba su aiki. Tsinkar gyaɗa daga jikin harawa, ɓarar wake, tara zangarniya, kai wa awaki dusa, korar tsuntsaye: duk yaro ɗan shekara shida zai iya. Lauje da magirbi na manya ne. Kada yaro ya tsaya bayan jaki ko ya kusanci saniya mai sabon maraƙi, kuma bakin rijiya ba wurin leƙe ba ne. Duk robar da aka gani yashe a gona kada a taɓa, da yawa na maganin feshi ne, irin su Paraquat, wanda kurɓi kaɗan ke kisa.

Kai ma babba, in ka karɓi fartanya don marmari, ka gama kunyar da ka fara.

6. Takalmi rufaffe, da tocila a hannun kowa. Silifas na tsakar gida ne. Ƙarangiya da ƙaya kaɗai sun isa hujja. Babbar hujjar dai maciji ne. Kububuwa ƙarama ce, launinta na ƙasa, tana son ƙarƙashin tarin kara da dami da duwatsu, kuma lokacin shuka da na girbi aka fi samun sara. Dafinta yana hana jini daskarewa, shi ya sa wanda ta sara zai ga kamar ba komai, can sai dasashi ya fara zubar jini. Yawan saranta ne ya sa asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna. In tsautsayi ya faɗa: kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe ko awarwaro, a hana mutum tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Ba kowane ƙaramin asibiti ke da allurar dafin maciji ba, don haka tun ranar sauka a tambayi inda ake samunta mafi kusa. Da safe a kakkaɓe takalmi saboda kunama.

7. Ruwa da nono. Mutanen gida sun saba da ruwan rijiyarsu, cikin yaranka bai saba ba. A zo da ruwan leda, ko a tafasa, a kuma riƙe 'yan ƙullin gishiri da sukari na asibiti saboda gudawa. A yi abin cikin hikima. Cewa "ruwanku ba shi da kyau" zagi ne. "Cikin yaran ne ba ya son canjin ruwa" ta wadatar.

Wanka a kududdufi da magudanar ban ruwa shi ne abin da yara za su fi roƙo, tun da ga sa'anninsu can suna tsalle a ciki. A hana. A irin wannan ruwan ake ɗaukar tsargiya: tsutsar tana fitowa daga jikin ƙananan katantanwa ta shiga ta fata, sai bayan wata biyu ko uku a ga yaro yana fitsarin jini, an ma manta da zancen tafiyar. Tana da magani, Praziquantel, amma rigakafin ya fi sauƙi. Madarar da aka tatso yanzu kuma a dafa ta kafin a sha, saboda bakkale da tarin fuka na shanu suna bin ɗanyar madara.

8. A leƙa ɗakin da za a kwana. Sau da yawa ɗakin baƙi shi ne ɗakin ajiya. In akwai buhunan wake ko masara a ciki, a tambaya ko an sa musu ƙwayar Phostoxin. Iskar da take fitarwa ta kashe ƙwari ce, tana kuma kashe mutum a rufaffen ɗaki, yara ne kan fara tafiya. In an sa, gara rumfa. Da hunturu kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe, janareta kuma ya tsaya can nesa da taga. Gidan sauro kowa da nasa, har da igiya da 'yan ƙusoshi, don ba lallai a samu inda za a rataya ba.

9. Aikin gida ba ya raguwa don kun zo hutu, ninkuwa yake yi. Ruwan wankan mutum tara wata ce ta ja shi da guga, ko wani yaro ya turo shi a kura. Samarinku su ɗauki jarka, 'yan mata su kama wanke-wanke da tankaɗe. Hoto kuma sai da izini, musamman cikin gida. Matan ƙauye ba kayan kallo ba ne, kuma ba wadda ke son a ga hotonta tana daka da ɗaurin ƙirji a wayar mutanen da ba ta sani ba.

10. Wanda ba shi da kowa a ƙauye ya nemi inda ake biya, hankalinsa ma ya fi kwanciya. Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi ba gona ba ce, daji ne mai faɗin murabba'in kilomita sama da 2,200, an keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962. Akwai ɗakunan kwana a sansanin Wikki, kusa da maɓuɓɓugar da ruwanta ke zama a ma'aunin zafi 31 dare da rana, rani da damina. Da rani aka fi ganin dabbobi, lokacin da ciyawa ta bushe suka taru a bakin kogin Gaji: ɓauna, gwanki, giwa in an yi sa'a. A kira a kama ɗaki kafin a taso. A rufe ƙofa da tagar mota, gwaggon birin wurin ya san leda sarai, daga hannun yaro yake fizgewa.

11. Ranar komawa: abin da aka ba ka kyauta ka karɓa, abin da ka nema ka biya. Za a ɗauko maka kabewa, ƙullin kuka, daddawa, wataƙila ƙwan zabi. Mayar da su cin fuska ne. Amma in kai ne ka ce kana son buhun gero ko tiya goma ta wake, to ciniki ne, a farashin kasuwar makon, ba farashin "ai ɗan gida ne" ba. In ya ƙi karɓa, kuma zai ƙi, ka ba babban ɗansa a bayan idonsa, ko ka aiko da buhun taki kafin ruwan farko. Sauran sayayya a yi ta a kasuwannin hanya: Wudil tana ci ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi, ga Kwanar Gafan a hanyar Zariya lokacin tumatir.

12. Bayan an dawo a sa ido kan yara mako biyu zuwa uku. Zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki kwana bakwai ko fiye kafin ya bayyana. In jiki ya yi zafi a je a yi gwaji kafin a sha magani, a kuma gaya wa likita inda aka je da ranar da aka dawo, har da zancen kududdufin in wani ya faki ido ya shiga.